Tsohon Cocin Kwarin Ɗinya

Yalwar Kanya,
ta hanyar Shanono.
9 ga Satumba, 2023.

Zuwa ga Yayana Muhammad Auwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Raudatu da yara. Yaya Fatakwal, yaya kasuwa, yaya ɗalibanka na Islamiyya? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina ta yi kyau bana, har an fara cin tumu.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Ka san sai na hau tudun bayan makaranta nake samun sabis, maganar da nake so mu yi kuwa ba ta tsaye a kan tudu ba ce. Shi ya sa na ba Abdulkabir direban motar shanu ya kawo maka.

Jikin Baba da sauƙi, alhamdu lillahi. Wata bakwai ke nan da faɗuwarsa. Hannun dama da ƙafar har yanzu ba sa motsi, amma bakin ya ɗan saki. Yana iya cewa ruwa, yana iya cewa salla, sunana kuma a Sa'a yake tsayawa. Maigidana, Baban Fatihu, yana zuwa da sassafe ya yi masa wanka ya canja masa kaya kafin ya wuce gona, don ka san Baba ba zai yarda ni in yi ba. Sauran nawa ne: kunu, magani, juya shi a kan katifa kada bayansa ya yi gyambo, da matsa masa ƙafa yadda aka koya mini a asibiti. Na dawo da keken ɗinkina ɗakin marigayiya Inna don in riƙa jin motsinsa. In an kira salla sai ka ga leɓensa yana bin kiran. Mutumin da ya yi shekara arba'in da wani abu shi ne ladanin garin nan, yau shi ne a kwance yana sauraron wani.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Talata wani mutum ya yi sallama a kan babur, sa'anka ne ko kusa da haka. Ya ce sunansa Ishaku, daga Kwarin Ɗinya, ɗan Rifkatu ne, yayar Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Yaya, ni da kai mun san Baba a gidan Kirista aka haife shi, ya musulunta yana saurayi, amma ka taɓa jin an ambaci sunan yayarsa a gidan nan? Ni ban taɓa ji ba. Ishaku ya durƙusa ya gaida Baba yana ce masa Kawu. Ya ce sai a makon jiya labarin ciwon ya kai musu, mahaifiyarsa tana gaisuwa. Ya ƙara da cewa in an gama kaka za a rushe tsohon cocinsu na ƙasa a yi na bulo, ta ce a gaya wa Baba, tunda da hannunsa a ginin.

Sai hawaye ya zubo wa Baba ta ido ɗaya. Da baƙon ya tafi na kwance ƙunshin da ya bari, sai ga daddawa, an yi mata faɗi an dangwala yatsa uku a tsakiyar kowace. Ina ganinta na zauna a ƙasa. Ka tuna matar nan doguwa mai baƙin gyale da take tsayawa a bayan dangarmu ranar kasuwa, Inna ta fita su yi ƙus-ƙus, ta dawo da daddawa irin wannan a haɓar zane? In mun tambaya sai Inna ta ce mai talla ce. Duk miyar kukar da muka tashi da ita, ashe da daddawar gwaggonmu aka yi ta.

Tun ranar kalma ɗaya Baba yake maimaitawa, Kwari, yana nuna gabas da hannun hagu. So yake a kai shi. Kai ne babba, shi ya sa ban yi komai ba sai na ji daga gare ka.

Ka gaida Anti da yara. Fatihu da ƙannensa suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya


Yalwar Kanya,
24 ga Satumba, 2023.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kun tashi lafiya. Yaya jikin Anti, na ji an ce ta yi zazzaɓi? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka yi haƙuri da yadda muka rabu a waya. Ba kashe maka na yi ba, kuka ne ya ci ƙarfina. Na ji duk abin da ka ce, kuma ban ce ba ka da hujja ba. Ka ce mutum yana bakin kabari ba a kai shi inda zai rikice, ka ce me mutanen gari za su ce in aka ji an ɗauki ladani an kai shi coci, ka ce ciwon ne yake sa shi sambatu. Na yi kwana uku ina juya maganarka.

Amma Yaya, ni nake zaune da shi. Ba sambatu ba ne. Yana sane da lokacin kowace salla, in na makara da alwala har tsaki yake yi mini. Abin da ya canja shi ne ci. Tun da na gaya masa ka ce a bari, ya juya fuska bango. Kunun da yake shanye kofi guda, yanzu cokali uku sai ya datse baki. Jiya na dama masa fura da nono mai kyau irin wanda yake so, ya kalle ta ya rufe ido. Wuyansa duk ya zurma. In Baban Fatihu ya ɗaga shi, ya ce kamar ya ɗauki dami ɗaya na kara.

Da abin ya ishe mu muka je wurin Malam Abdulhadi liman, wanda ya koya maka Ahalari a zaurensa. Na zayyana masa komai, har da abin da ka faɗa, ban rage ba. Ya ce ya girmi wannan maganar, don yana nan aka yi ta. Ya ce mahaifiyar Baba a bayan cocin nan aka binne ta, kuma Baba bai je jana'izar ba. Lokacin bai fi wata biyu da zama ladani ba, yana tsoron bakin mutane. Tun daga nan kunya ta hana shi sake taka garin. Malam ya ce zumunci ba ya faɗuwa don addini ya bambanta, mutum ya je ya ga 'yar'uwarsa da inda uwarsa take kwance ba ridda ba ce. Ya ce in wani ya yi magana a turo masa shi.

Na yi ta tunanin Inna. Shekara nawa tana fita bayan danga tana karɓar gaisuwar da mijinta ya kasa karɓa, ba ta taɓa tona shi ba ko a gabanmu. Da tana raye na san da tuni ta sa an nemo mota.

Saboda haka ina neman afuwarka, za mu kai shi ranar Alhamis ta sama in Allah ya kai mu. Ban zaɓi Lahadi ba don kada a ce sujada ya je. Da na gaya masa, ya shanye kununsa tas. In laifi ne, nawa ne, kada ka ɗora wa Baban Fatihu.

Taka har kullum,
Sa'adiyya


Yalwar Kanya,
8 ga Oktoba, 2023.

Yayana Muhammad Auwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya da iyali baki ɗaya. Na kira ka sau huɗu ba ka ɗauka ba. Ba komai, na san ranka ne a ɓace. Zan dai ba ka labari, don haƙƙinka ne ka sani.

Mun je mun dawo lafiya. Motar maƙwabcinmu muka ara, muka shimfiɗa wa Baba katifa a baya, kansa a cinyata. Na sa masa farar rigarsa ta Juma'a da hular da ka aiko masa bara, shi ya nuna su da kansa. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni mamaki ke nan, Yaya. Ina tsammanin wata uwa duniya ce, ashe in ka wuce gonakin dawa na bayan rafi ka kusa. Motar ta kasa haura yashin rafin, sai ga Ishaku yana jiranmu da amalanke da shanu biyu. A kanta muka ƙarasa, Baba a jingine da ƙirjin surukinsa yana kallon hanya. Duk bishiyar da muka wuce sai ya ɗaga hannu kamar mai gaida wani.

Garin ƙarami ne, gida bai fi talatin ba, rumbuna da dangogi irin namu sak. Mata suna shanyar gyaɗa, suka tashi suna yi mana sannu da zuwa. Cocin yana gefen gari a ƙarƙashin wata babbar ɗinya. Da ba don gicciyen katako da ke saman ƙofa ba, cewa za ka yi tsohon masallacin unguwarmu ne kafin a rushe shi, wanda muke laɓewa a bayansa muna cin goruba. Ginin tubali ne, ruwa ya zaizaye gindinsa, an tokare bangon yamma da itace biyu. Kwanon rufin ya yi ja. A jikin ɗinyar an rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota, shi suke bugawa in lokacin taruwarsu ya yi.

A bakin ƙofar muka tarar da ita zaune a kan turmi. Ta tsufa, idon ya yi hazo, amma tsawon yana nan, kuma goshinta na Baba ne, naka ne. Da aka sauke shi a keken guragu ta taso tana lalube, ta kama fuskarsa da hannu biyu ta ce, “Matiyu, ka rame.” Ka ji asalin sunan. Mu muna ta cewa Malam Mati, ashe guntun sunan yanka ne ya riƙe bai yar ba. Baba ya buɗe baki, ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce mata, “Yaya.” Wata takwas ban ji ya faɗi sabuwar kalma da kyau haka ba.

Fastonsu, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce mu shiga in muna so, ba kowa a ciki. Na tsaya jim a bakin ƙofa, don ban taɓa shiga irin wurin ba. Baba ya buga hannun kekensa, sai na tura shi. Ciki da sanyi, da ƙanshin ƙasa irin na ɗakin Inna in an yi sabon daɓe. Ba kujeru, dakali ne na ƙasa jere-jere, duk sun yi santsi don zama. A gaba akwai tebur da farin ƙyalle, da ganguna biyu a kusurwa. Gwaggo ta riƙa ba ni labari tana nunawa da sanda. Ta ce kakanmu magini ne, shi ya ja ginin. Ita da sauran 'yan mata suka ɗebo ruwa daga rafi, Baba kuma yana ɗan shekara goma, shi ne mai cuɗa ƙasa da ƙafa, har kaikayi ya kama shi ya yi mako yana kuka. Ta nuna dakali na uku ta hagu, ta ce nan mahaifiyarsu take zama, Baba a gefenta yana gyangyaɗi, tana mintsininsa. Baba ya yi dariya da rabin bakinsa. Ya sa na matsa da shi, ya ɗora tafinsa a kan dakalin, ya daɗe bai ɗauke ba.

Daga nan muka zagaya baya. Kaburburan suna cikin ciyawa, amma an share guda ɗaya an jera masa duwatsu. Ba sai an gaya mana ba. Baba ya yi ta kallo, yana son magana ta ƙi fita. Gwaggo ta dafa kafaɗarsa ta ce, “Bar wahalar da kanka, na san abin da za ka ce. Ai ka zo. Na gan ka ranar jana'izar, a cikin gonar dawar Bawa, da farar riga, tun da aka fara waƙa har aka rufe ta. Ban kira ka ba don na ga ba ka so a gan ka. Na yi ta jira ka zo in gaya maka, ka ƙi zuwa.”

Yaya, shekara arba'in da huɗu yana ɗauke da abin nan shi kaɗai, yana zaton ba wanda ya san ya je. Kukan da ya yi ban taɓa jin namiji ya yi irinsa ba. Baban Fatihu ya juya baya. Gwaggo kuwa ba ta yi kuka ba, goge masa fuska kawai take yi da gefen gyalenta tana cewa ya isa, ya isa.

Azahar ta same mu a can. Kafin mu tambaya matar Ishaku ta kawo buta da sabuwar tabarma, ta nuna mana gabas. Na yi wa Baba alwala a tsakar gidan da aka haife shi, surukinsa ya ja mu salla, mutanen gidan suka hana yara hayaniya har muka sallame. Ka ce kana tsoron ya rikice. Da idona na ga yatsansa yana tahiya.

Sun yi mana tuwon dawa da miyar kuka. Gwaggo ta karɓe kwanon daga hannuna, ta ce ita ta fara ba shi abinci a duniya bayan uwarsu. Ya ci loma goma sha ɗaya, ina ƙirgawa.

Ka gaida Anti Raudatu. Ko ba za ka yi magana da ni ba, ka kira Baba ya ji muryarka.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Sa'adiyya


Yalwar Kanya,
19 ga Nuwamba, 2023.

Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Abdulkabir ya kawo saƙonka, maganin da zannuwan gado duk sun iso, Allah ya saka da alheri. Ya kuma ce mini ka ce za ka zo ƙarshen wata. Ban san irin farin cikin da na yi ba.

Kafin ka iso akwai abin da ya kamata ka sani, kada ka shigo ka gani ba shiri. Gwaggo Rifkatu tana gidan nan, yau kwananta ashirin. An rushe cocin bayan an yanke dawa. Ta ce ba za ta iya zama tana jin faɗuwar bangon ba, ta sa Ishaku ya kawo ta da ƙullin kayanta. A ɗakin Inna take kwana tare da ni. Da farko an yi 'yan maganganu a gari, har wata ta tambaye ni ko kwanonta daban muke ware mata. Malam Abdulhadi ya zo da kansa ya gaishe ta a zaure da rana tsaka, tun daga nan ban sake jin komai ba.

Ta sauƙaƙa mini sosai. Ita take zama da Baba in ina ɗinki, tana ɓare gyaɗa tana yi masa hirar mutanen da duk sun mutu, wane ya auri wance, shekarar da fari suka cinye gero, ramin kurar da suke tsoro a hanyar rafi. Shi kuma yana gyara mata in ta yi kuskure, da kai ko da tsaki. In an kira salla ita take cewa, “Sa'a, kawo wa ubanki ruwa.” Ba na ɓoye maka, jikin nasa ba ƙaruwa yake ba. Numfashinsa yana yin sama-sama in ya daɗe a zaune, kuma barci ya yi masa yawa. Amma fuskarsa a sake take.

Shekaranjiya ina taje mata kai ta tambaye ni labarinka. Na nuna mata hotonka a waya, ta kai shi dab da ido ba ta gani ba. Sai ta ce mini da aka haife ka Inna ta yi ciwon nono mai tsanani, har an fid da rai da kai. Lokacin ita tana goyon Ishaku. Baba da kansa ya naɗe ka a zane ya kai mata, ka yi wata huɗu a Kwarin Ɗinya, kai a dama Ishaku a hagu, sai da Inna ta warke aka dawo da kai. Ta ce kai ne mai haɗama, in ka kama ba ka saki. Na juya na tambayi Baba ko haka ne. Ya gyaɗa kai sau biyu, yana kallona sosai don in tabbata ya gane tambayar.

Kai ne malami, ka fi ni sanin matsayin matar da ta shayar da mutum wata huɗu, da matsayin wanda suka sha tare. Ni ba zan ƙara komai a kai ba. Ita ma ba ta ce a gaya maka ba, cewa ta yi a bar yaro da abin da ya sani. Ni ce na ga ba zan iya bari ba.

Saura magana ɗaya. Tun da ta zo, duk Lahadi da safe Baban Fatihu yake ɗaukar ta a babur ya kai ta Kwari, inda suke taruwa a rumfar kara kafin a gama sabon ginin, ya wuce gonarsa ta bakin rafi, in sun tashi ya ɗauko ta. To, Lahadin da za ta same ka a gida ba ya nan, zai kai gyaɗa Dawanau tun ranar Asabar. Ishaku kuma babur ɗinsa ya lalace. Ba ta roƙi kowa ba, ta ce in ba mai kai ta sai ta yi addu'arta a ɗaki. Ban amsa mata ba tukuna. Babur ɗin Baban Fatihu zai kwana a zaure da mai a ciki, makullin yana wurina.

Allah ya kawo ka lafiya. Baba yana gaishe ka, na ambaci sunanka ya ɗaga hannu. Ka gaida Anti da yara da kyau.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya